"Ba ni da tambaya" ba ladabi ba ne

A ƙarshen kusan kowace ganawar ɗaukar aiki, shugaban kwamiti kan ɗago kai ya ce wa mai neman aikin: "To malam, ko kana da tambaya?" Amsar da aka saba ji daga matasanmu ita ce: "A'a ranka ya daɗe, na gode." Daga nan sai a tashi, sai kuma bayan wata biyu a fara ƙorafin cewa ba haka aka zata ba.

Wannan ɗabi'a ta kamata ta sauya, musamman a Rano da Kibiya, inda guraben aikin albashi ba su da yawa. Duk shekara Makarantar Fasahar Karkara da Koyar da Sana'o'i ta Rano, reshen Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano, tana yaye ɗalibai. Ƙofofin da suke ƙwanƙwasawa sanannu ne: sakatariyar ƙaramar hukuma, asibiti, makarantu masu zaman kansu, gidajen mai, sai kamfanonin birnin Kano. Wanda ya kai zagayen ƙarshe yakan ji tsoron kada tambaya ta ɓata masa rawa da tsalle. Tsoron yana da dalili, amma karɓar aiki ba tare da sanin sharuɗɗansa ba sayen kifi ne a ruwa.

Lokacin gajere ne, don haka tambaya uku ko huɗu sun isa, idan an zaɓe su tun daga gida.

Ta farko ta shafi aikin kansa: me ake son sabon ma'aikaci ya cim ma a wata ukun farko, kuma wane ne zai riƙa duba aikinsa? Ita ya kamata a fara da ita, domin tana nuna cewa mutum aiki ya zo yi. Amsar kuma kan tona asirin wurin da mutum ɗaya zai zama akawu, mai karɓar kuɗi kuma ɗan aike.

Ta biyu ita ce matsayin aikin: na dindindin ne, na kwantiragi ne, ko na wucin gadi? Yaushe za a ba da takarda? Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta bai wa ma'aikacin da dokar ta shafa rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin cikar wata uku da farawa. Wanda ya nemi takarda haƙƙinsa ya nema.

Ta uku ita ce wurin aiki. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama abin lissafi. Albashin da zai riƙe ɗan Kibiya a Kibiya ba lallai ne ya riƙe shi ba idan aka tura shi Kano, inda zai zaɓi tsakanin haya da zirga-zirga. Ga mace mai aure ko mai goyo, wannan tambaya na iya fin ta albashi nauyi.

Ta huɗu ce batun kuɗi, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma N70,000 a 2024, gwamnatin Kano kuma ta amince da N71,000 ga ma'aikatanta. Sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka ma masu aikin kamasho da aikin gona na lokaci-lokaci. Ƙananan makarantu da shaguna da dama a nan suka faɗa. Saboda haka a tambayi abin da zai shigo hannu bayan an cire komai, da ranar biya. Idan an ambaci fansho, dokar 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki aƙalla kashi 10, ma'aikaci kuma kashi 8.

Akwai tambayoyin da gara a haɗiye su: "Yaushe zan fara hutu?" ko "Me kamfaninku yake yi?" Ta farkon gaggawa ce, ta biyun kuma shaida ce cewa ba a yi shiri ba.

Wasu dattawa za su ce mai nema ba ya ciniki, kuma yawan tambaya a gaban manya fitsara ce. Gaskiya ne lafazi yana da muhimmanci. "Ranka ya daɗe, ina neman ƙarin haske" ya bambanta da titsiye. Amma kakanninmu ne dai suka ce matambayi ba ya ɓata.

Su ma masu ɗaukar aiki akwai nauyi a wuyansu. Bai dace kwamiti ya buɗe ƙofar tambaya, sannan ya soke sunan wanda ya shiga ba. Makarantun da ke yaye matasan nan kuma su koya musu wannan kafin su miƙa musu shaidar kammalawa.

Mai aikin da ya fusata don an tambaye shi takarda ko ranar albashi ya riga ya ba da amsa. Ya rage wa matashin ya saurare ta kafin ya sa hannu.