Tsarabar kwali ta cinye tukunyar Inna



Maganar nan ta daɗe tana cin mu a rai. Mun san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, har da mu masu rubuta ta, domin da hannunmu dumu-dumu a ciki. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wanda yake son ya gane abin da muke nufi, ya je ya tsaya a mararrabar Kari ranar jajiberin Sallah. Motocin 'yan Abuja da Jos da Bauchi ne ke kwararowa ta Darazo suna karya kwana zuwa Misau. Ta can gefen kuma 'yan Kano da Kaduna sun biyo ta Wudil da Jama'are da Azare. A buɗe but ɗin kowace mota a gani: katan-katan na lemon kwalba da na kwali, taliyar yara, biskit, sai kwalin kifin ƙanƙara da ya fara narkewa tun a hanya, yana ɗiga a kan kayan Sallar yara. Tsarabar da muke kawo wa iyayenmu ke nan. Kuma muna sauke ta a tsakar gida muna hura hanci, kamar mun kawo abin da ba a taɓa gani ba.

A da, daga Misau kaya suke fita. Ɗan makaranta mai komawa Zariya ko Maiduguri, ma'aikaci mai komawa Legas, amaryar da aka kai Kano, ba wanda ake bari ya shiga mota hannu rabbana. Akwai ƙullin kuka da daddawa, da curin tsamiya, da goruba, da busasshiyar kuɓewa, da bandar tarwaɗa an naɗe a takarda an ɗaure da tsumma. Mutum ya isa birni, maƙwabta su san ɗan Misau ya dawo saboda ƙamshin miyarsa. Yau kuwa in Goggo ta haɗa wa ɗayanmu irin wannan ƙulli, sai ya ce motar ta cika, ko ya karɓa don kunya ya je ya miƙa wa mai gadi.

A Sallar da ta wuce, a gidan ɗaya daga cikinmu, tsohuwa ta tashi tun asuba ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuka da bandar da ta ɓoye musamman don jikokinta, ta malala man shanu a kai. Jikan, mai shekara bakwai, ya kalli kwanon ya ce shi ba ya cin baƙar miya. Yaro ba shi da laifi, bai taɓa ganin ta a gidan ubansa ba. Laifin yana wurin uban, wanda maimakon ya wanke hannu ya zauna ya kai loma yaron ya gani, sai ya ce wa matarsa ta dafa masa taliya. Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba. Kun san iyayenmu, ba sa kama sunan ɗan fari. Cewa kawai ta yi, "Kai wannan, da miyar nan fa aka yaye ka." Ya ce, "Inna, zamani ne." Ta ɗauke kwanon ta miƙa wa almajiri.

To, da wannan "zamani ne" ɗin muke faɗa.

Misau ba garin da Allah ya hana ruwa ba ne. Kogin da ke gefenmu, wanda masu taswira ke kira Komadugu Gana, yana wucewa ta Kari da Misau, ya shiga jihar Yobe, ya haɗu da Komadugu Yobe wajen Damasak, ruwan ya ƙare a Tafkin Chadi. 'Yan uwanmu na ƙasar Katagum suna da kogin Jama'are, wanda ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru. Da damina ruwa ya cika ya malale fadama, kifi ya hayayyafa. Da ruwa ya ja baya a shiga su da homa da gora, abin da ba a ci ɗanye ba a yi bandarsa. Tarwaɗa, karfasa, kurungu, kawara, har da gaiwa, wadda ke binne kanta a laka ta kwashe rani tana jiran ruwa. Yaranmu na birni nawa ne za su iya bambanta karfasa da kurungu? Sun san taitus, sun san shawa, shi ke nan.

Kuma iyayenmu mata sun san abin da ya dace da kowane kifi. Ɗanyar tarwaɗa sai an zuba mata ruwan zafi ko an goge ta da toka an cire yauƙin. A jajjaga attaruhu da albasa, a daka citta da kanumfari da masoro, a sa daddawa, a tsiyaya ruwan tsamiya kaɗan don ya kashe ƙarni. In kifin ya shiga tukunya ba a sa ludayi, sai dai a kama kunnen tukunyar a girgiza, in ba haka ba ya dagargaje. Wannan farfesun ake ba mai jego da wanda ya tashi daga zazzaɓi. Karfasa kuwa ƙawarta yakuwa ce, tsamin ganyen ne ke fito da ɗanɗanonta. Busasshiyar kawara, wadda ake raina wa ƙanƙanta, a daka ta a turmi da ƙayarta da kanta a zuba a miyar kuka ko ta kuɓewa, yaro ya cinye ƙashin bai ma san ya ci ba. Abin da ma'aikatan lafiya ke wahalar koya wa mata a asibiti game da abincin yaye, kakanninmu sun daɗe suna yin sa da taɓarya.

Haka 'ya'yan itatuwa. Kowane lokaci na shekara da nasa. Da hunturu kanya da magarya da kurna da aduwa, a sauke tsamiya a cure ta, a fasa 'ya'yan kuka a dama da nono. Da bazara mangwaro ya nuna, garin ɗorawa ya rine bakin yara, kalwarta kuma a adana don daddawa. Ƙarshen damina ɗinya ta yi baƙi, a dafa maɗi, a ja alewa. Goruba tana nan kusan duk shekara. Yaron da ya tashi a nan ba ya buƙatar kalanda, bakinsa ne ke gaya masa watan da ake ciki.

Abin haushin shi ne waɗanda muke kwaikwayo sun san darajar abin da muke gudu. Tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin 'ya'yan kuka a kasuwanninta, kuma ana sayar da shi da tsada a matsayin abincin ƙarin lafiya, domin bitamin C ɗin da ke cikinsa ya fi na lemon zaƙi. Zoɓon da manoman Jigawa da Bauchi da Kano ke shanyawa, kwantena-kwantena ake lodinsa zuwa Meziko. Mu kuma mun ɗauko ruwan sukari mai kala daga birni mun kawo wa tsofaffin da likita ya hana shan zaƙi.

Wani zai ce to mene ne abin tayar da jijiyar wuya, kowa ya ci abin da ransa ke so. Ga abin da ya sa. Bishiya tana tsaye ne muddin 'ya'yanta suna kawo kuɗi ko suna shiga tukunya. Ranar da aka daina sayen tsamiya da kanya da ɗorawa, mai gona zai kalli bishiyar ya ga buhunan gawayi kawai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, gas ɗin girki ya gagari mutane da yawa a birane, aka koma gawayi. Ku dubi buhunan da ake jerawa a bakin titi. Ba ƙirya da marke kaɗai ke ciki ba, har da itatuwan da muka ci 'ya'yansu muna yara. Bauchi tana cikin jihohi 11 da aka sa a shirin katangar bishiyoyi don tare hamada, ana dasa tsirrai a can, mu muna ƙone waɗanda suka shekara hamsin a nan. Su wa ke sayen gawayin? Mu ne, a kan hanyarmu ta komawa. But ɗin da ya rasa wurin ƙullin kukar Goggo, shi ne ke ɗaukar buhu biyu na gawayi, wai ya fi araha a gida.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma akwai gaskiya a cikinta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai masu zuba gamalin a kududdufi su kashe kifi babba da ƙarami a dare ɗaya, su kai kasuwa. Akwai masu jan gidan sauron da aka raba don zazzaɓin cizon sauro, suna kwashe har 'ya'yan kifin da ba su kai yatsa ba. Akwai 'yan kasuwar da ke yayyafa wa banda fiya-fiya don kada ƙwari su ci. Irin wannan maganin ne aka samu a waken Najeriya har Tarayyar Turai ta hana shigar da shi a 2015. Akwai kuma masu nuna mangwaro da kabaid, musamman a 'yan shekarun nan da azumi ke faɗowa a farkon bazara, ana neman kayan buɗe-baki mangwaro bai kai ba. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan haka. Mangwaron kabaid ba ya ɓuya: bayansa ruwan ɗorawa tas, cikinsa tsami, ba ƙamshi. Duk wannan gaskiya ne. Amma waɗannan mutane ba daga sama suka faɗo ba, 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, an san gidajensu, dagatai da sarakunan ruwa sun san su. Maganin mai zuba guba shi ne a kai shi gaban mai gari kuma a daina sayen kayansa. Guduwar da muka yi zuwa kwali ba ta hana shi komai ba, ta dai bar iyayenmu su kaɗai suna cin gubar.

Haka batun tsada. Gaskiya ne kifin kogi ya yi ƙaranci, wani lokaci ma ya fi na ƙanƙara kuɗi. Jami'an gwamnati da kansu suna cewa ƙasar nan tana buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da ake samarwa a gida kuwa bai kai rabin hakan ba. Rikicin Boko Haram ya daƙile kasuwar Baga, wadda a da take cika motoci da banda zuwa ko'ina a ƙasar nan. Saboda haka talakan da ya sayi gutsuren taitus ya sa wa iyalinsa a miya, ba da shi muke ba, Allah ya ƙara masa buɗi. Da masu mota muke, masu iya cika but da katan. Su kuma su daina ce mana kifin kwali ya fi tsafta. Kifi ne da aka kamo a tekun wata ƙasa, aka sauke a Legas, ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ya iso mana, ya zauna a firjin da ke jiran wuta. Wa ya manta watan Oktoban 2024, da Arewa ta kwashe fiye da mako guda cikin duhu? Sau nawa kifin ya narke ya sake daskarewa kafin ya shiga tukunya, mai sayarwar ma ba zai iya rantsuwa ba.

Kada kuma maza su karanta wannan su juya kan matansu, wai matan yanzu ba su iya girki ba. Wa ke yin cefane? Wa ke tsayawa a kanti ya zaɓi tsaraba? Mace ba za ta kaɗa kukar da ba a kawo mata ba. Da yawa daga cikin matanmu sun iya, waɗanda ba su iya ba kuma kwana uku a madafin Inna sun ishe su, in an bar su sun zauna. Amma mu kan iso ranar jajiberi, mu yi Idi, mu kalli hawa, mu ɗauki hotuna, kashegari mu tayar da mota. Yaro bai je bakin kogi ba, bai hau bishiyar kowa ba, bai kwana ɗakin kakarsa ba, sannan mu yi mamakin ya ce baƙar miya.

Abin da muke nema ba shi da yawa. A taronmu na Sallah da walimar 'ya'yan ƙungiya, a ba matan gari kwangilar zoɓo da lemon tsamiya da na goruba da kunun aya, kuɗin katan-katan ɗin nan ya tsaya a hannun zawarawa da masu riƙon marayu. A sayi kifi wurin masuncin da aka sani, a biya shi farashi mai kyau yadda ba zai ga ribar guba ba. Shugabanninmu su je su zauna da hakimai da dagatai kan gamalin da gidan sauro da saran itatuwa masu 'ya'ya, tun kafin ruwa ya ja baya. Mai zuwa gida ya ƙara kwana biyu, ya kai yara bakin kogi da gona. Kuɗin da zai kashe a kanti ya kawo shi a aljihu, ya ba Inna ta aika kasuwa da kanta, ta fi shi sanin bandar da ba a yi wa feshi ba.

Ranar komawa kuma, in Goggo ta miƙo ƙulli, a karɓa da hannu biyu. Wanda motarsa ta cika ya sauke buhun gawayin.