Girman Kan Likita Ba Ya Maido da Koniyar da Ta Lalace

Akwai likitocin ido da har yanzu ke kallon na'urar OCT da ake haɗawa da madubin tiyata a matsayin kayan ƙawa. Hujjarsu ita ce ƙwararren hannu da kaifin ido sun wadatar. Wannan hujja ba ta tsaya da ƙafafunta ba.

Tun da Eduard Zirm ya yi dashen koniya na farko da ya yi nasara a 1905, aikin ya sauya kama. A salon DMEK, wanda Gerrit Melles ya gabatar a Holan a 2006, ba a sauya tantanin gaban ido gaba ɗaya. Ɗan siririn fallen da ke bayansa ake dasawa, mai kaurin kusan maikiron 10 zuwa 15. Fallen yana naɗewa kamar tabarma, kuma dole a shimfiɗa shi ta fuskar da ta dace, sannan a danne shi da kumfar iska. In aka kife shi, dashen ya mutu. Galibi ta cikin koniyar da ta kumbura ta yi hazo likita ke duba duk wannan.

Na'urar OCT tana nuna yankan ido a kaikaice ana tsakiyar aiki, ta bayyana fuskar fallen da ruwan da ya maƙale tsakaninsa da koniya. A binciken PIONEER na Cleveland Clinic a Amurka, hoton ya sa likitoci sun sauya shawara a kusan rabin ayyukan dashen falle, kuma yawan ruwan da ya rage a ƙarshen aikin DSAEK ya nuna dashen da zai iya ɓallewa daga baya.

Masu suka suna da gaskiya a wuri biyu: na'urar tana da tsada, kuma ba ta hango ko jiki zai ƙi dashen bayan shekaru. Amma tsada dalili ne na neman kuɗi, ba ta mayar da zato ya zama ilimi. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa a duniya koniya ɗaya ce ake samu ga kowane mutum 70 da ke jira. Likitan da ke da na'urar a ɗakin tiyata ya ƙi kunna ta, yana caca ne da kyautar mamaci da kuma ganin mai rai.