Yaro da Bindiga a Dajin Barewa: Gado ne ko Ciniki?

Kowace shekara, in watan Nuwamba ya yi nisa kuma sanyi ya kankama a jahar Wiskonsin ta ƙasar Amurka, akan buɗe farautar barewa da bindiga har tsawon kwana 9. Dubban ɗaruruwan mutane ke shiga daji, akasarinsu sanye da riga mai launin ruwan lemo, wadda doka ta wajabta a 1980 don kada maharbi ya hango ɗan'uwansa ya zaci dabba ce. Gida guda kan fita gaba ɗaya: kaka da uba da uwa da ƴaƴa. Barewar tasu ta fi ta Sahel girma, ƙarƙashin wutsiyarta fari fat, namijinta kuma yana da ƙahoni masu rassa waɗanda yake zubarwa kowace shekara. A kan wannan al'ada ta fita farauta da yara ake ta-ka-ce-na-ce, kuma kowane ɓangare na da laifin da ya kamata a faɗa masa ba tare da kara ba.

Ɓangaren farko shi ne na masu cewa duk uban da ya kai ɗansa farauta yana koya masa rashin imani. Da yawansu sun tashi da fim ɗin Bambi na kamfanin Walt Disney, wanda ya fito a 1942, inda maharbi ya kashe wa ɗan barewa uwa. Abin mamaki, mafi yawan masu wannan zargi suna cin nama, sai dai sun fi son a miƙo musu shi a naɗe cikin leda, babu jini babu fata, kamar a bishiya ya nuna. Duk wanda ya girma a gidan da ake yanka ragon layya a gaban yara ya san ganin yanka ba ya mayar da yaro azzalumi. Yakan sa shi ya gane cewa naman da ke cikin akushi rai ne aka ɗauka, don haka ba abin wasa ba ne, ba kuma abin zubarwa ba.

Tarihi ma bai goyi bayan waɗannan masu zargi ba. Wajajen shekara ta 1900, ƴan kasuwar nama da fata sun yi wa barewar Amurka kisan kiyashi, har abin da ya rage bai wuce rabin miliyan ba. A wannan shekara aka yi dokar Lacey, wadda ta hana ƙetare iyakar jaha da naman da aka farauto ba bisa ƙa'ida ba. A 1937 shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu kan dokar Pittman-Robertson, wadda ta ware harajin bindigogi da harsasai domin kula da namun daji. Harajin ya kai kashi 11 cikin 100 kan dogayen bindigogi da harsasai. Jahohi suka tsaida lokacin farauta, suka ƙayyade yawan abin da kowa zai kashe, suka wajabta takardar izini. Yau ana ƙiyasta barewar da kusan miliyan 30. Ta yi yawa har tana ɓarna a gonaki, tana cinye ƙananan itatuwan daji, tana kuma haddasa haɗarin mota fiye da miliyan ɗaya a shekara. Da yake an riga an ƙarar da kyarkeci a yawancin ƙasar, maharbi mai takarda ne ya maye gurbinsa.

Ke nan abin da ya ceci barewa shi ne ƙidaya da iyaka, kuma su ne ainihin darasin da yaro ke ɗauka in ya bi ubansa. Zai zauna tun kafin asuba cikin sanyi, ba motsi ba magana, wataƙila yini guda bai ga komai ba. Zai ga uban ya ɗaga bindiga ya sauke, saboda akwai gida a bayan dabbar, ko saboda takardarsa ta namiji ce ga shi mace ta fito. Zai bi sawun jini har cikin duhu don kada a bar dabba mai rauni tana wahala. Zai riƙe ƙafa ana feɗewa, ya ji nauyin gawa a kafaɗa, ya ga an sanar da hukuma abin da aka kashe. Duk waɗannan ba sa buƙatar yatsansa ya taɓa kunamar bindiga. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne, amma ko ɗan barewa sai ya iya tsayuwa kafin ya iya gudu.

A nan ne laifin ɓangare na biyu yake, kuma ya fi na farko nauyi, domin na farko surutu ne, na biyu kuwa doka ce. A 2009 Wiskonsin ta yarda yaro mai shekara 10 ya yi farauta tare da babba, bisa sharaɗin bindiga ɗaya ce tsakaninsu, kuma babban yana kusa da shi inda hannunsa zai kai. A watan Nuwamba na 2017 gwamna Scott Walker ya sa hannu kan dokar da ta soke iyakar shekarun baki ɗaya, ta kuma yarda kowannensu ya riƙe tasa bindiga. A wannan shekara, hukumar jahar ta bayyana cewa an sayar da takardun izini 10 da sunan jarirai waɗanda ba su cika shekara ɗaya ba. Jaririn da ke goye ba ya harbi. Ko dai iyayen sun sayi takardar don alfahari, ko kuwa wani babba ya samu hanyar kashe barewa ta biyu da sunan ɗansa. Kowanne ne daga ciki, darasin ƙidaya da iyaka ya tashi a banza.

Wannan sassauci ba daga sama ya faɗo ba. Binciken hukumar kula da namun daji ta Amurka ya nuna maharba sun ragu daga kusan miliyan 14 a 2011 zuwa miliyan 11 da rabi a 2016. Raguwar maharba raguwar kuɗin takardu ce ga hukumomin jahohi, raguwar ciniki ce kuma ga masu ƙera makamai. Tun tsakiyar shekarun 2000, ƙungiyar masana'antun bindiga ta Amurka ta haɗa kai da wasu ƙungiyoyin maharba cikin wani shiri mai suna Families Afield, wanda manufarsa ita ce rage shekarun shiga farauta da sassauta sharaɗin horo. Sunan iyali aka ɗaga a tuta, amma wanda zai sayar da ƙaramar bindiga mai daidai da kafaɗar ɗan shekara 6 ba shi ne ya kamata a tambaya ko yaron ya isa ba.

Masu kare dokar sukan ce uba ya fi majalisa sanin ɗansa. Haka ne a kan abinci da sutura. Amma harsashin bindigar barewa yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya, kuma wanda zai same shi ɗan wani ne, wanda ba a shawarci ubansa ba. Babu jahar da ta bar wa uba ikon ba ɗan shekara 7 tuƙin mota a kan titi don ya ga hankalinsa ya yi. A Faransa, inda farauta ke da tushe mai zurfi, sai yaro ya kai shekara 15 yake fita tare da babba, bayan horo, da bindiga ɗaya tsakanin su biyu, kuma al'adar ba ta mutu ba. Daɗin daɗawa, a 2020 bindiga ta wuce haɗarin mota ta zama ta farko cikin abubuwan da ke kashe yara da matasa a Amurka. Mafi yawan waɗannan mace-mace ba a fagen farauta suke aukuwa ba, adalci ya sa a faɗi haka; sai dai ƙasar da ke cikin irin wannan hali ba ta da hujjar gaggawar sa makami a hannun yaro.

Akwai kuma haɗarin da ke bin naman har gida. Harsashin dalma yana tarwatsewa cikin tsoka ya bar ɓurɓushin da ido ba ya gani, dalma kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. A 2008 jahohin Dakota ta Arewa da Minesota sun janye naman barewa daga gidajen rabon abinci ga matalauta saboda wannan dalili, kuma tun 2019 Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma. Uban da ya ce don ƴaƴansa yake farauta, harsashin tagulla shi ne gwajin gaskiyarsa na farko.

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram ba baƙo ba ne ga wannan zance. An keɓe gandun Gadabeji tun 1955, amma bai hana mariri ƙarewa ba, har a shekara ta 2000 aka bayyana cewa babu sauransa a daji ko'ina a duniya. Sai a 2016 aka sake sakin wasu a ƙasar Cadi daga waɗanda aka kiwata a tsare. Fari ya yi nasa, amma bindiga da mota marasa ƙidaya sun yi kaso mai tsoka. Nijar na da dokar farauta tun 1998, sai dai doka ba ta bin maharbi cikin daji in ba a zuciyarsa take ba, kuma a ƙuruciya ake dasa ta.

Saboda haka a bar yaro ya bi ubansa daji, ya ɗauki gora, ya koyi sawu da haƙuri da sauke bindiga. Harbin kuwa ya jira har sai ya san abin da mutuwa take nufi, ya kuma iya amsa laifi in ya yi kuskure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba a aza masa rufin soro.