Mudu biyu a hannun 'yan siyasa

Ruwan farko na watan Maris ya sauka a Kumasi, ƙasa ta yi laushi, na ɗauki fartanya na shiga ɗan lambuna da ke bayan gida a Aboabo ina gyara wurin kuɓewa da alayyafo. Rediyo na rataye a katanga, wani ɗan jam'iyya yana ta rantsuwa cewa su ba su taɓa jayayya da hukuncin akwati ba. Sai na ji aikin ya fita daga raina.

A majalisun Zango, daga Asawase zuwa Sabon Zango, kowa ya yarda cewa maguɗi da kukan ƙarya halin wancan ɓangaren ne, namu kuwa ba sa ƙorafi sai da hujja. Na ƙi wannan magana, domin tarihi ya ƙaryata ta.

A 1992, bayan Rawlings na jam'iyyar NDC ya ci zaɓen shugaban ƙasa, jam'iyyar NPP ta ce an sace zaɓe, ta ƙaurace wa zaɓen majalisa. A 2012 Akufo-Addo na NPP ya kai nasarar Mahama na NDC Kotun Ƙoli, 'yan NDC suna cewa a girmama Hukumar Zaɓe, har kotu ta yi watsi da ƙarar a ranar 29 ga Agusta 2013. A 2020 sai reshe ya juye da mujiya: Mahama ne a kotu, 'yan NPP ne ke wa'azin girmama hukuma, ƙarar kuma ta faɗi a ranar 4 ga Maris 2021. Waɗanda suka kare Charlotte Osei, tsohuwar shugabar Hukumar Zaɓe, su suka tsani Jean Mensa da ta gaje ta, waɗanda suka tsani ta farko su suka rungumi ta biyu.

Zuwa kotu ba laifi ba ne, haƙƙi ne. Kuma Bawumia na NPP ya cancanci yabo da ya amince da faɗuwa washegarin zaɓen 2024. Laifin shi ne mudu biyu: babba ranar saye, ƙarami ranar sayarwa. Mai awon da ta yi haka a kasuwar Kejetia, kafin la'asar kasuwa ta san ta. Me ya sa muke tafa wa ɗan siyasa a kan abin da ba mu yafe wa mai sayar da masara ba?

Wa ke biyan kuɗin wannan munafunci? Mutane takwas suka rasa rayukansu a zaɓen 2020, har da waɗanda aka harbe a Techiman. Samarinmu ake ɗauka a kan babura su tsare akwati da ƙirjinsu. Mu ake tsayarwa wurin rajista ana tambayar asalinmu saboda sunayenmu, alhali kakanninmu sun zo fataucin goro tun kafin a san sunan Gana, kuma tabon korar baƙi ta 1969 bai goge ba.

Na koma kan fartanyata ina tuge ciyawa. Mai lambu ba ya barin ƙaya don a cikin shingensa ta tsiro. Idan ɗan takara ya zo Zango neman ƙuri'a, kada mu fara da kwata ko shinkafar salla. Mu tambaye shi a gaban liman da sarki: in ka faɗi, za ka yarda da hukumar da ka yaba ranar da ka ci? Wanda ya kasa amsawa ya wuce, ba mu da ɗa guda da za mu ba shi.