Zauren Lissafi: Kafin ka kira ƙaninka daƙiƙi, tambaye shi yadda ya samo amsar

Wannan makon za mu ajiye tambayoyin jarrabawa gefe guda, mu ɗauki wata wasiƙa da ta zo mana daga Beli, cikin ƙaramar hukumar Rogo a yammacin jihar Kano. Wata ɗaliba ce 'yar aji biyu a babbar sakandare ta rubuto. Ta ce tana da ƙanne biyu da ɗan maƙwabta ɗaya waɗanda makarantar allo kaɗai suke zuwa, kuma ita ce take zaunar da su bayan sallar isha'i tana koya musu karatun boko. Tarawa da ɗebewa duk sun iya, har sau sun fara kamawa. Amma tun da aka shiga lissafin kaso, wato su ɗaya bisa biyu da uku bisa huɗu, in ta ba su tambaya goma da ƙyar su ci biyu. Ta ce har ta fara ɗaukar bulala, shi kuma ƙaramin cikinsu ya fara ɓuya da zarar ya ga ta ɗauko fitila da littafi.

Mun san ba ita kaɗai ba ce. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole, amma daga ƙasar Rogo zuwa Karaye, kamar sauran ƙauyukanmu, akwai yaran da kiwo, ko talla, ko aikin gona, ko nisan makaranta ya tsare su a gida. Irin waɗannan yara malaminsu na boko ɗaya ne tak: yayansu da ke sakandare. In ku kuka karaya, babu wani malami a bayanku. In kuma yaro ya tashi da tunanin cewa shi ba shi da kan lissafi, da wuya ya sake komawa kansa.

Kuskuren yaro yana da dalili

Abu na farko da za ku riƙe shi ne, yaron da yake faɗuwa a lissafin kaso yawanci ba kame-kame yake yi ba. Wata ƙa'ida yake bi, wadda ta yi masa aiki shekara da shekaru a kan lambobin ƙirga, sai ya ɗauko ta ya kawo inda ba ta aiki. Saboda haka in ya faɗi tambaya takwas, ba lallai ne kuskure takwas ya yi ba. Sau da yawa kuskure ɗaya ne ya maimaita sau takwas. Aikinku shi ne ku gano wane ne, kuma hanyar ganowa ita ce ku tambaye shi cikin sanyin murya: “Nuna mini yadda ka yi ka samu wannan.” Ga guda huɗu da za ku fi cin karo da su.

Na ɗaya: “1/8 ya fi 1/4, ai takwas ta fi huɗu”

Yaron bai yi ƙarya ba, takwas ta fi huɗu. Abin da bai gane ba shi ne lambar ƙasa tana faɗin gida nawa aka raba abu, kuma duk yadda masu rabo suka ƙaru, haka rabon kowa yake ƙanƙancewa. A nan ɗan makarantar allo yana da jari a hannunsa. Ya san Alƙur'ani izu 60 ne, ya san kowane izu ana raba shi zuwa nusufi, da rubu'i, da sumuni. Ku tambaye shi: “Wanda ya haddace sumuni da wanda ya haddace rubu'i, wa ya fi wani yawan hadda?” Dariya zai yi muku, domin ya san sumuni biyu ne ke yin rubu'i ɗaya. Sai ku rubuta masa a ƙasa: sumuni shi ne 1/8, rubu'i 1/4, nusufi 1/2. Ashe ya daɗe da sanin abin, rubutunsa ne kawai bai sani ba.

Na biyu: “1/2 a tara da 1/3 ya ba da 2/5”

Wannan shi ne sarkin kurakurai. Yaro ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Kada ku yi saurin soke masa da jan biro. Ku ba shi wata tambayar: rabin masa da rabin masa, nawa ke nan? Zai ce masa guda. Sai ku ce ya lissafa da hanyarsa. Zai samu 2/4, wato rabi. Ku yi shiru ku bar shi ya kalli abin. Yaron da ya kama ƙa'idarsa tana yi masa ƙarya da idonsa ya fi saurin sakin ta fiye da wanda aka daka wa tsawa.

Daga nan ku nuna masa cewa lambar ƙasa kamar suna ce. Akuya biyu da akuya uku sun zama akuya biyar, sunan bai canja ba. Haka sumuni ɗaya da sumuni biyu sun zama sumuni uku, wato 1/8 da 2/8 sun ba da 3/8. In sunayen sun bambanta, sai an yi canji tukuna, kamar yadda ake canja ɗari biyar zuwa ɗari-ɗari. Ku tsinto tsakuwa 12. Rabinsu 6 ne, ɗaya bisa ukunsu 4 ne. A haɗa, an samu 10 cikin 12, wato 5/6. Ya ƙirga da yatsunsa, ya ga amsar ta kusa cika guda, ba ƙasa da rabi take ba kamar 2/5 ɗinsa.

In akwai kaka a gidan, ku jawo ta cikin darasin. Kafin a fara kashe naira a ranar 1 ga Janairun 1973, sule ɗaya kwabo 12 ne, sisi kwabo 6, taro kwabo 3. Wato sisi rabin sule ne, taro kwatansa. Tsofaffin da ba su taɓa shiga aji ba sun yi shekaru suna tara rabi da kwata a ka, a tsakiyar kasuwa, ba tare da an cuce su ba.

Na uku: “Ba ni babban rabin”

A maganar yau da kullum muna cewa babban rabi da ƙaramin rabi, amma a lissafi babu wannan. In ba a raba daidai wa daida ba, ba a samu kaso ba. Ku ba yaro karan dawa ku ce ya karya shi uku, sannan ya jera guntayen ya gani ko kansu ɗaya. Ku ba shi takarda ya ninka biyu, ya sake ninkawa, ya sake, yana buɗewa yana ƙirga gidajen: 2, 4, 8.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne mantawa da tambayar “rabin me?” Rabin kwanon masara da rabin buhun masara duk 1/2 ake rubuta su, amma ba mai yarda a musanya masa. Ku saba wa yaro da faɗin cikakken abin kafin ya taɓa lamba: rabin kwano, kwatan awa, sulusin gona.

Na huɗu: “Sau yana ƙara yawa, rabawa tana ragewa”

A lambobin ƙirga haka ya saba gani. Shi ya sa in an ce 3 a raba da 1/2 ya ba da 6, sai ya ga kamar rufa-ido aka yi masa. Kada ku fara da “juya ta biyun ka yi sau”. Ku ce masa: “Inna tana da gero kwano uku, kullum tana dama kunu da rabin kwano. Kwana nawa zai yi mata?” Kafin ku rufe baki zai ce shida. Haka ma 1/2 sau 1/4: ku karanta masa shi da Hausa, “rabin rubu'i”. Ɗan allo ya san rabin rubu'i sumuni ne, wato 1/8. In ya ga ƙa'idar littafi tana ba da amsar da ya riga ya sani, zai yarda da ita, kuma ba zai manta ba.

Yadda za a tsara zaman

Ku bi mataki uku a jere: abu a hannu, sannan zane a ƙasa ko a takarda, sannan lamba. Gani ya kori ji. Minti ashirin da tambaya uku da aka tattauna sosai sun fi awa guda da tambaya ashirin da aka soke. Ku ɗauki kuskure iri ɗaya ku bi shi har mako ya ƙare, kada ku haɗa huɗun a dare ɗaya. Kafin yaro ya fara lissafi, ku sa ya yi kirdado: amsar za ta kai rabi, ko za ta wuce guda? Wannan ɗabi'a kaɗai tana kama kurakurai masu yawa. Ku ware shafi a bayan littafi kuna rubuta irin kuskuren kowane yaro da ranar da ya daina shi, ku riƙa nuna masa. In ɗaya ya gane, ku sa shi ya koya wa ɗayan, ku kuna saurare. Bulala kuwa a mayar da ita inda aka ɗauko ta. Yaron da ke jin tsoro ba zai gaya muku yadda ya yi tunani ba, kuma in ba ku ji tunaninsa ba, ba ku san inda za ku gyara ba.

Manya ma sun sha fama da shi

Ku gaya wa ƙannenku cewa abin da ke ba su wuya ya ba duniya wuya. Mutanen tsohuwar Masar, fiye da shekara 3,500 da suka wuce, kusan duk kasonsu da ɗaya a sama suke rubuta shi, saboda haka 3/4 a wurinsu sai an ce rabi da kwata. Ɗan layin nan da muke ja tsakanin lambar sama da ta ƙasa, ana danganta shi da al-Hassar, wani malamin lissafi na Maroko a ƙarni na 12. Al-Khwarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, babban ɓangare na littafin a kan rabon gado da wasiyya ya yi shi.

Littattafan fiƙihu sun kawo cewa a zamanin Sayyadina Umar an kawo gadon wata mata da ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu. Miji yana da 1/2, su kuma suna da 2/3. In an tara, 3/6 da 4/6 sun ba da 7/6, wato rabon ya fi dukiyar yawa. Sai da aka yi shawara da sahabbai, aka tsaya a kan raba dukiyar gida bakwai, miji ya ɗauki uku, su su ɗauki huɗu, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa. Shi ne malamai ke kira auli. Ku lura, wanda ya tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, 3/5 zai samu, ba zai ma san akwai matsala ba.

Ka ga ke nan maganar ta wuce cin jarrabawa. Kason gado shida da ke cikin Suratun Nisa'i, wato 1/2, 1/4, 1/8, 2/3, 1/3 da 1/6, duk lissafin kaso ne. Zakkar amfanin gona 1/10 ce in ruwan sama ya shayar, 1/20 in an sha wahalar ban-ruwa, ta kuɗi kuma 1/40. Yarinyar da ta iya wannan za ta san haƙƙinta ranar rabon gonar gado. Yaron da ya iya shi zai iya auna taki da maganin feshi yadda aka rubuta a jikin buhu da kwalba. Ƙasar nan kuma ba baƙuwar lissafi ba ce: Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau ana ambaton rubutunsa a tarihin lissafi na duniya.

Abu na ƙarshe: karatun gida tsani ne. Da zarar yaro ya fara tsayawa da ƙafarsa, ku yi wa iyaye magana cikin ladabi, ku nemi shugaban firamaren da ta fi kusa a gwada shi a sa shi ajin da ya dace.

Gasar wannan mako

1. Wani yaro ya rubuta cewa 2/3 a tara da 1/6 ya ba da 3/9. Wace ƙa'ida ya bi, mene ne amsar gaskiya, kuma da wane abu na cikin gida za ku nuna masa?

2. Wata mata tana da gero kwano 4, kullum tana amfani da 2/3 na kwano. Kwana nawa zai yi mata?

3. Almajiri ya haddace nusufi da sumuni uku. Me ya rage masa ya cika izu? Ku rubuta amsar da lamba.

Ku aiko da amsoshinku tare da sunan makarantarku da ajinku. Wanda ya gwada ɗaya daga cikin dabarun nan a kan ƙaninsa ko ƙanwarsa, ya rubuto mana abin da yaron ya ce. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.