Ƙarfin da Allah Ya ba ka, ina za ka kai shi?

A wannan makon wasiƙa ɗaya muka ware daga cikin waɗanda suka iso mana, domin mun san ba mai ita kaɗai ta shafa ba. Wani ɗalibi ne ɗan aji biyu na babbar sakandare ya aiko ta daga ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, ya kuma roƙe mu da mu sakaya sunansa.

Ya ce shekarunsa 16, amma ya fi kusan duk malamansa tsawo da faɗin ƙirji, har 'yan ajinsu ba sa kiransa da sunansa sai Basamude. In za a raba 'yan ƙwallon ƙafa, shi ake bari ƙarshe, wai ya cika nauyi. A aji kuma kujerar baya ake tura shi don kada ya tare wa mutane allo. Wurin da kawai ake murna da ganinsa shi ne kasuwar Maigatari. Duk ranar Alhamis yakan tsallake makaranta ya je lodin buhunan riɗi da zoɓo, ya dawo da kuɗi a aljihu. Tambayarsa ita ce: ya bar karatun ne ya riƙi dako gaba ɗaya, tunda da alama abin da jikinsa ya dace da shi ke nan?

Basamude, dako sana'a ce ta halal, kuma ba mu raina mai cin guminsa. Amma kafin mu ba ka amsa, bari mu ba ka labarin wani wasa da ake neman masu irin jikinka ido rufe, da labarin wasu da suka taso da irin baiwarka.

Sunan wasan zari-ruga. A garin Rugby na ƙasar Ingila ya samo asali, a wata makarantar kwana, kuma da sunan garin duniya ta san shi. Ƙwallonsa ba kewayayye ba ne, ya fi kama da ƙwai. Kowane ɓangare mutum 15 ne, ana yin minti 80, rabi-rabi minti 40. Kana iya rungumar ƙwallo ka ruga da shi, su kuma abokan karawa suna da damar kama ka su kayar. Babbar dokarsa ita ce ba a jefa wa abokin wasa ƙwallo da hannu ta gaba, sai ta baya ko ta gefe. Wanda ya kai ƙwallo bayan layin abokan karawa ya dangwala shi a ƙasa ya ci wa ƙungiyarsa maki 5, sannan a ba su bugu zuwa tsakanin sanduna, in ya shiga a ƙara maki 2. Akwai kuma wani nau'i na mutum bakwai-bakwai, wanda aka fara bugawa a gasar Olamfik a 2016, inda ƙaramar ƙasar tsibirai ta Fiji ta ɗauki zinariya a ɓangaren maza.

Abin da ya sa muka kawo shi yau shi ne, a wasan nan kowane irin jiki yana da gurbinsa. Gajere kakkaura yana gaba wurin turereniya, inda mutum takwas ke haɗa kafaɗa su tura takwas. Dogo shi ake ɗagawa sama ya cafe ƙwallo idan an jefo daga gefen fili. Siriri mai gudun barewa yana can gefe yana jiran a miƙo masa. Cheslin Kolbe na Afirka ta Kudu tsawonsa bai wuce mita 1.71 ba, amma a wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 2019 ya zille wa ƙattin Ingila ya dangwala ƙwallo.

Wanda ya fi kowa suna a tarihin wasan shi ne Jonah Lomu na ƙasar New Zealand. An haife shi a 1975 a birnin Auckland, iyayensa kuma 'yan asalin tsibirin Tonga ne. Ya taso a unguwar da faɗan 'yan daba ya yi yawa, har ya fara bin wannan hanya, sai aka kai shi makarantar kwana ta Wesley College. A can malamai suka ga abin mamaki: yaro ɗaya yana lashe tsere, yana lashe tsalle, yana lashe jifa. Da ya girma tsawonsa ya kai mita 1.96, nauyinsa kuma kusan kilo 120, wato ya fi buhun gero mai kilo 100. Masu irin wannan jiki a gaba ake ajiye su wurin turereniya, amma shi saboda gudunsa gefe aka mai da shi, wurin 'yan tsere.

A 1994, yana ɗan shekara 19, aka sa shi a babbar ƙungiyar ƙasarsa don karawa da Faransa. Wasa biyu ya buga, Faransa ta cinye duka biyun. Ƙarfin yana nan, gudun yana nan, amma bai riga ya san inda ɗan gefe ke tsayawa ba, sai 'yan Faransa suka riƙa bi ta wurinsa. Aka ajiye shi. Sai da ya koma ya sha horo, ya koyi tsayuwa da karanta wasa, kafin a sake ɗaukarsa zuwa gasar cin kofin duniya ta 1995 a Afirka ta Kudu. A wasan kusa da na ƙarshe a birnin Cape Town ya dangwala ƙwallo sau huɗu a kan Ingila, har ya bi ta kan wani ɗan wasa mai suna Mike Catt kamar bijimin da ya tsinke igiya. New Zealand ta ci 45 da 29. Tsakanin gasar 1995 da ta 1999 ya dangwala ƙwallo sau 15.

Duk da haka Lomu bai taɓa ɗaga kofin duniya ba. A wasan ƙarshe na 1995 'yan Afirka ta Kudu suka yi masa taron dangi, duk inda ya nufa mutum biyu ko uku na jiransa, suka ci 15 da 12. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Bayan haka kuma aka gano yana fama da ciwon ƙoda mai tsanani. Ya kai ga wankin ƙoda, aka yi masa dashe a 2004, ya rasu a watan Nuwamba na 2015 yana da shekara 40. Jikin da duniya ta tsaya kallo, aro ne aka ba shi na ɗan lokaci, kamar yadda aka ba kowa.

Na biyu shi ne Siya Kolisi. An haife shi a 1991 a Zwide, unguwar talakawa da ke gefen birnin Port Elizabeth a Afirka ta Kudu. Kakarsa ce ta raine shi, kuma ya sha faɗa da bakinsa cewa sau da yawa da yunwa yake kwana. Yana ɗan shekara 12 aka gan shi a wata gasar yara, aka ba shi gurbin karatu kyauta a makarantar Grey, alhali ko Turanci bai iya sosai ba. A 2018 ya zama baƙar fata na farko da aka naɗa kyaftin ɗin ƙungiyar ƙasarsa. Ya ɗaga kofin duniya a Japan a 2019, ya sake ɗagawa a Faransa a 2023. Ku lura da inda aka gan shi: a gasar yara 'yan makaranta. Da ranar nan yana can yana neman na abinci a wani wuri, da babu wanda zai san an yi shi.

Na uku namu ne. Maro Itoje an haife shi a Landan a 1994, iyayensa 'yan Najeriya. Tsawonsa ya kusa mita biyu, kuma shi ake ɗagawa ya cafe ƙwallo. Yana cikin buga wa ƙungiyar Saracens da ƙasar Ingila ya yi digiri a fannin siyasa a makarantar SOAS ta Jami'ar Landan. A 2025 aka ba shi kyaftin ɗin Ingila.

Mutum uku, ƙasa uku, amma hanyar ɗaya ce. An haife su da baiwa, wani babba ya gan ta a filin makaranta, sannan suka yi shekaru suna shan horo. In aka cire ɗaya daga cikin ukun nan, labarin ya ƙare tun bai fara ba.

Mu dawo gida. Baiwar jiki ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gumel. Ku tsaya a kara ranar kasuwar Maigatari ku ga samarin da ke riƙe bijimi ta ƙaho su hau da shi mota. Ku je ƙauyukan Gagarawa da damina ku ga yaron da ke bin garmar shanu tun hantsi har azahar, ko yarinyar da ke jan guga a rijiya mai zurfi ta cika tulu bayan tulu. Ku tuna langa da muke yi a dandali da farin wata, mutum na tsalle da ƙafa ɗaya yana ture na gabansa. Ku tuna kokawar kaka, inda ƙaramin da ya iya dabara ke kayar da ƙato. Kamun ƙugu da kayarwa da ɗan kokawa ya iya, su ne rabin aikin mai tsaron baya a zari-ruga. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗauki tasu kokawar da muhimmanci: tun 1975 suke shirya gasar takobi ta ƙasa, jihohi na fito da gwanayensu, har irin su Issaka Issaka na Dosso suka zama sunan da kowane yaro ya sani. Ƙarfin da ke can shi ne a nan. Bambancin shi ne can an gina masa fili.

Shi ma zari-ruga bai yi mana nisa kamar yadda kuke zato ba. A Kano akwai ƙungiyar Barewa, wadda ta daɗe tana koya wa yara da matasa wasan, ana kuma buga shi a Kaduna da Zariya da Jos. Najeriya tana da ƙungiyar ƙasa da ake kira Black Stallions. 'Yan mata ma ba a bar su a baya ba a duniya: Portia Woodman ta New Zealand ta zarce adadin nan na 15 da Lomu ya kafa a gasar cin kofin duniya.

Sai dai ba za mu yaudare ku ba. A ƙasar nan har yanzu wasan bai zama sana'ar da mafi yawan masu buga shi za su ci abinci da ita ba. Shi ya sa amsarmu gare ka, Basamude, ita ce kada ka bar makaranta. Shekara ɗaya da 'yan watanni suka rage maka. Buhunan Maigatari ba za su gudu ba, kana iya yin lodinka lokacin hutu. Amma aikin soja da na ɗan sanda da sauran ayyukan ɗamara, inda ake son masu irin jikinka, duk sai da takardar kammala sakandare. Haka ma Kwalejin Ilimi ta Gumel da ke kusa da kai, in kana son zama malami. Ɗan dako kuwa ranar da bayansa ya riƙe, ranar cinikinsa ya tsaya.

Akwai kuma masu farautar irinku, kuma sun fi malaman wasanni saurin gano ƙaƙƙarfan yaro. Wani zai ba ka ƙwaya irin su tiramol, ya ce za ka yi aikin mutum uku ba gajiya. Gajiyar tana nan, jin ta ne kawai ƙwayar ke toshewa, ga jaraba, ga farfaɗiya, ga lalacewar jiki. Wani kuma zai zo lokacin siyasa ya ba ka gora da 'yan canji ka tsaya masa a gaba. In aka yi kame, ɗansa yana makaranta, kai kana caji ofis.

Ga abin da muke so ku yi a wannan zangon. Ku je wurin malamin wasanni ku roƙe shi a auna mita 100 a filin makaranta, a ɗauki lokacin kowa da agogon waya, a rubuta a littafi, a maimaita duk wata. A gwada tsalle da jifa, domin wanda bai iya ƙwallon ƙafa ba wataƙila a nan tasa baiwar take. In kuna son ɗanɗana zari-ruga, ku fara da nau'in da ba a kayarwa: kowa ya soke ƙyalle a ƙugu, wanda aka zare wa ƙyalle sai ya tsaya ya miƙa ƙwallo baya. Maza su yi nasu, mata su yi nasu. Kada ku kuskura ku fara kayar da juna ko turereniya ba tare da mai horarwa da ya san wasan ba, saboda raunin wuya da na kai ba abin wasa ba ne, musamman a busasshen filinmu na rani.

Ku kuma 'yan ajin Basamude, gobe in za a raba 'yan wasa, a fara da shi. Malamai, a duba kujerar baya.

Duk makarantar da ta auna tserenta, ta aiko mana da sakamakon ta hannun malamin wasanni, za mu buga a wannan shafi. Basamude, muna jiran wasiƙarka ta biyu, kuma muna so ta zo da sakamakon jarrabawarka ta wannan zangon. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.