Waiwaye: Safa Ɗaya a Tsakiyar Bazara

Sanyin hunturu ba ya zaɓen ɓangare. In ya kama mutum, hannu biyu yake kamawa, ƙafa biyu yake daskararwa. Shi ya sa duk sanda na ji wani ya ce hannunsa da ƙafarsa na gefe guda suna masa sanyi, ɗaya gefen kuwa lafiya lau, sai gabana ya faɗi, don na ga inda irin wannan ƙorafi ya kai kawuna.

Kawu tela ne, ya fi shekara talatin yana taka keke. A tsakiyar bazara, lokacin da kowa ke neman inuwa da ruwan randa, na same shi a shago da safa a ƙafar hagu kaɗai, ta dama tana kan feda tsirara. Na ce, "Kawu, lafiya, safa cikin wannan zafi?" Ya ce, "Bari kai dai, ɗan nan. Sanyi ne ya shige ni, daga yatsun hannun nan har tafin ƙafa, kamar na tsoma su a ƙanƙara." Na kama hannun, na ji shi da ɗumi, bai bambanta da ɗan'uwansa ba.

A gida an yi duk abin da aka sani. Matarsa tana dafa masa citta da kanumfari, ana gasa masa ƙafar da tawul da ruwan zafi, ana mulka man zafi, wanzami ma ya zo ya yi ƙaho. Duk ƙauna ce ta sa. Wata rana da yamma kofin shayi ya suɓuce masa, bakinsa ya ɗan karkace, maganarsa ta harɗe, kafin a kira magariba ya warware sarai. Aka yi hamdala, aka ce iska ce ta gifta. Ba a rufa mako ba ya faɗi a hanyar dawowa daga sallar asuba, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Sai a asibiti aka gane yana da hawan jini, shi da bai taɓa bari an ɗaura masa abin awo a hannu ba. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi, amma hannun bai sake riƙe yadi yadda ya kamata ba.

Hannu da ƙafa ba su haɗa jijiyar jini ɗaya ba, hanyarsu daban-daban ce. Inda suka haɗu shi ne laka da ƙwaƙwalwa. In wuta ta ɗauke a ɗaki biyu lokaci guda, ai ba ƙwan fitila ake dubawa ba, wajen mita ake nufa. Ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ne ke kula da hagun jiki, na hagu kuma da dama. Can tsakiyarta akwai wani ɗan sashe da likitoci ke kira talamus, wanda saƙon zafi da sanyi da taɓawa ke bi ta cikinsa. Ƙaramar jijiyar jini ɗaya in ta toshe a nan, mutum na iya jin sanyi ko sagewa ko raɗaɗi a rabin jikinsa, alhali ƙarfinsa na nan, yana tafiya, yana aikinsa. Tun 1906 wasu likitocin Faransa biyu, Dejerine da Roussy, suka bayyana wannan yanayi. Kuma babban abin da ke lalata irin waɗannan ƙananan jijiyoyi shi ne hawan jinin da aka bari ya daɗe ba magani.

Wannan ciwon namu ne. Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan yana cikin jagororinsa, an yi shi a asibitocin Najeriya da Gana, har da Kano da Zariya, aka fitar da sakamakonsa a 2018. Ya nuna hawan jini ya yi wa sauran musabbaban shanyewar ɓarin jiki fintinkau a yankinmu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yammacin da kofi ya faɗi. Alamar da ta zo ta wuce cikin mintuna gargaɗi ce, kuma haɗarin babban bugu, wato shanyewar ɓarin jiki, ya fi yawa a kwanakin farko bayanta. A 2007 Peter Rothwell da abokan aikinsa a Oxford ta Ingila suka nuna cewa fara magani nan take bayan irin wannan gargaɗi na rage haɗarin da kusan kashi 80 cikin 100. Warwarewar da muke yi wa murna ita ce ƙofar da aka buɗe mana mu ruga asibiti.

Ba kowane sanyin gefe guda ne shanyewa ba, kada a tsorata mutane a banza. Ƙashin wuya na iya danne jijiya. Wani a bincika shi tsaf a rasa komai, abin ya tafi da kansa. Ciwon suga ma na sa ƙafa sanyi da sagewa, sai dai shi ƙafa biyun yake kamawa galibi, kuma mai shi ne ya fi kowa ƙonewa da ruwan gashi ko kaskon wuta, don ba ya jin zafin. Amma likita ne zai raba wannan da wancan, ba maƙwabci ba.

Akwai abin da kowa zai iya yi a tsakar gida. A kama hannayen biyu tare, a taɓa ƙafafun biyu. In da gaske ɗaya ta yi sanyi ƙalau, ta koɗe ko ta yi duhu, ga azabar ciwo, to jini ne ya daina isa, kuma cikin awa shida ko makamancin haka naman na iya fara mutuwa. In kuwa da ɗuminta amma mai ita na jin sanyi, a ce ya yi murmushi, ya ɗaga hannu biyu, ya maimaita magana. Baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya zube, ko harshe ya yi nauyi, a nemi mota, a nufi babban asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, ko da alamar ta wuce a hanya. A riƙe lokacin da abin ya fara, don allurar narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi ake yin ta. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki, maƙogwaronsa na iya kasa haɗiya abin ya gangara huhu. A yi masa addu'a ana tafiya. Kada kuma a ba shi asfirin kafin a yi hoto, domin wani bugun fashewar jijiya ne, asfirin ƙara zubar jinin zai yi.